Fitila Huɗu Zuwa Rijiyar Kalgo

Wani ɗan siririn kuka ne ya fara komai. Sau uku ya yi, kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. Ina tsakar gida ina tankaɗen garin tuwo, na ajiye rariya na leƙa bayan randa, na leƙa gindin turmi, ban ga tsako ba. Sai ga Malam, maigidana, ya fito daga ɗakinsa yana dariya, riƙe da wani baƙin akwati mai hannu, girmansa kamar rediyon mutanen da.

"Ba kaza ba ce. Saƙon Isuhu ne ya ƙoshi."

Tun da na dawo daga Nijar ƙawayena na Islamiyya da maƙwabta suke tambayata yadda tafiyar ta kasance. Mace za ta zo gaisuwa, ta yi addu'a, ta ɗan jima, sannan ta sassauta murya ta ce, "Wai da gaske har jirgin sama kika taɓa da hannunki?" Nakan ce e, in tsaya nan. Ba rowar labari nake yi ba, bakina ne ba ya iya kai shi ƙarshe. Shi ya sa na ɗauki ragowar littafin rubutun 'yata Sadiya, na ce bari in rubuta sau ɗaya, wadda ta tambaya in miƙa mata.

Rabi ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara bakwai ke nan da ta auri Isuhu, mutumin Nijar, suka koma garinsu Rijiyar Kalgo, can gaba da Damagaram. A garin akwai ƙaramin asibiti na wata ƙungiyar taimako, a bayansa kuma dogon fili da aka share. Duk mako biyu ƙaramin jirgi yakan sauka da magunguna, idan akwai wanda ciwonsa ya fi ƙarfinsu ya tafi da shi babban asibitinsu. Kula da filin nan shi ne aikin Isuhu. Ya kori awaki, ya cike ramuka, ya kama wa direban jirgin aiki. Batirin jirgin ya tsufa, an aika a kawo sabo bai iso ba. Idan ya kwana a ƙasa wani lokaci yakan ƙi tashi, sai an ciro batira biyu daga babbar motar garin, wadda ita kaɗai ce, an turo su a amalanke. Malam kuwa aikinsa wayarin manyan motoci a nan Kazaure. Da Isuhu ya yi masa kukan wannan wahala, ya ce akwai irin akwatin da yake tayar da tirela da shi, busta suke ce masa, zai samo masa ɗaya a Kano.

Cikin Rabi ya shiga wata tara. Iya, Allah ya jiƙanta, ba ta nan, ni ce uwa. Don haka aka haɗa tafiyar biyu, in je zaman jego, in kai saƙo.

Ranar da akwatin ya yi kukan nan, Malam ya zaunar da ni a kan tabarma kamar ɗaliba.

"Kalli nan. Fitila huɗu ne. Huɗu, ya ƙoshi. Uku, zai yi aiki. Ƙasa da haka ban ɗaukar masa alkawari ba. Wannan maɓallin, sha biyu na ƙananan motoci ne, ashirin da huɗu na manya. Jirginsu ashirin da huɗu yake ci, na riga na saita shi, kada ki taɓa."

"Waɗannan ƙananan ramukan fa?"

"Na cajin waya ne. Ba ruwanki da su."

"To, Malam, tsoho zan ɗauko ko akwati? Wannan dokoki haka."

"Tsoho ya fi shi sauƙi, shi idan ya ji yunwa zai faɗa."

Ya naɗe cajar ya sa a jakar, na ƙulle bakinta da igiyar zani.

Kafin in tafi na je Roni sallama da Baba. Idanunsa sun yi rauni, amma kunne ras. Ya ba ni dabino da ƙullin rubutu na masu naƙuda, ya ce, "Ki ce wa 'yar nan ta kira ni. Kullum sai a ce wayarta a kashe take. Ko fushi take da ni?" Na ce ba wuta gare su ba, Baba. Ya ce, "To ki ce ta nemo."

Na tashi daga Kazaure da sassafe ranar Lahadi, tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai. Muka wuce Achilafiya ana yayyafi, muka isa Babura da hantsi. A can na canja mota zuwa iyaka. Mu bakwai aka cusa a baya. Kusa da ni wata dattijuwa ce mai ƙiba, Hajiya Dije, 'yar Damagaram mai fataucin atamfa, wadda ta ce shekara talatin tana bin hanyar. Ta dubi jakar da na rungume a cinya.

"Ɗiyata, zinariya ce ko jariri?"

"Saƙo ne, Hajiya."

"Ai na gani. Ko numfashi ba ki bari ya yi."

A ɓangarenmu na iyaka aka duba katina aka ce in wuce. A nasu ɓangaren kuwa wani jami'i dogo, mai ladabi ƙwarai, ya sa na kwance jakar. Ya ga akwati baƙi da jan waya da baƙa masu baki kamar na kada, ya ja da baya kaɗan. Ban ga laifinsa ba, zamanin da muke ciki ke nan. Na ce na tayar da batir ne. Ya ce na mota? Na ce na jirgin sama. Duk rumfar aka yi dariya, har Hajiya Dije tana share hawaye da bakin mayafi.

"Hajiya, ba na ƙaryata ki," in ji jami'in, yana dubana. "Amma ki gwada mini yana ba da kuran." Kuran shi ne wutar lantarki a bakinsu.

Babu mota mai mataccen batir a wurin. Ya nuna ƙananan ramukan nan, ya ciro wayarsa da igiyarta. Na tuna maganar Malam, amma ko in bari ko in kwana a iyaka. Ya soka, wayar ta yi haske. Ya bar ta kamar minti goma yana cike takarda, sannan ya zare, ya yi mini godiya, ya ce Allah ya sauki ƙanwata lafiya.

Duk wanda ke motarmu ya gani.

Ba mu kai Magarya ba Hajiya Dije ta ce tata salular, haka suke kiran waya, ta mutu tun Kano, kuma yaranta na jiran su san motar da ta shigo. Na duba, fitila huɗu na nan. Na ce a raina, abin da zai tayar da jirgi, me waya ɗaya za ta rage masa? Bayan ita sai wata yarinya mai goyo da mijinta ke jira a tasha. Bayan ita sai direba.

A Magarya muka tsaya cin abinci. Nan na fara ganin burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri har ya kankare mini dasashi. Ana tsaga shi a zuba wake da mai da yaji. Na nemi shayi, ina jiran babban kofi da madara irin namu, aka miƙo mini ɗan kofin gilashi da bai fi tsawon yatsa ba, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci. Na kurɓa na ajiye. Hajiya ta ce na farko ke nan, saura biyu, kuma wanda ya sha na fari ya tashi ya raina mai shayi. Na zauna na shanye ukun. Na ƙarshen ya yi zaƙi, amma har Damagaram zuciyata na bugawa kamar ganga.

Mun shiga Damagaram da la'asar sakaliya. Abin da ya fara ɗaukar idona mata ne a kan babur, su da kansu suke tuƙi, da hijabinsu har ƙasa, wata ma da buhun gawayi a baya. Na ce da a Kazaure ne da an yi mako ana zancen. Motar Rijiyar Kalgo sai gobe, Hajiya kuwa ta rantse ba zan kwana a tasha ba. Gidanta babba ne, cike da jikoki. Aka kawo mini dambu da zogale, da fura mai nono da yawa wadda ba a sa mata sukari. Ban taɓa ganin mutanen da ke girmama baƙo haka ba. Babbar 'yarta da kanta ta ɗebo mini ruwan wanka, ta tsaya a ƙofa har na fito.

Bayan magariba na duba akwatin, fitila uku. Na ga suna da wuta, na ce yanzu zan mayar masa da abin da ya rasa. Na ciro caja na nufi bango. A nan na tsaya. Soket ɗinsu ramuka biyu ne 'yan kewaye, cajar Malam kuwa ƙafa uku gare ta masu faɗi, irin tamu. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa. Aka zagaya gidan kaf, aka leƙa maƙwabta, babu mahaɗin da zai karɓe ta. Hajiya ta ce kada in damu, da safe za a saya a kasuwa. Da safe motar ta cika tun kafin masu shaguna su buɗe, direban ya ce ko in shiga ko in jira ta Alhamis.

Na shiga. Uku zai yi aiki, Malam ya faɗa.

Motar buɗaɗɗiya ce, muna zaune a kan buhuna, mu wajen ashirin da biyar da tumaki biyu. Kwalta ta ƙare, muka shiga yashi. Wajen azahar muka iso ƙoramar da suke kira kori. Mafi yawan shekara busasshen yashi ne, amma ranar an yi ruwa a sama, ta cika tana gudu da itatuwa, ruwan ja wur. A bakinta muka tarar da wata mota da babbar motar Rijiyar Kalgo, suna jira tun jiya. Direba ya ce sai ta janye. Muka kwana a nan, mata a ƙarƙashin tamfol, maza a gindin motoci.

Wata da muka taho tare daga iyaka ce ta faɗa, ba da mugun nufi ba. Ta ce ai 'yar Najeriyar nan tana da kuran a jaka.

Ku da kuka san ni, kun san abin da ya biyo baya. Wanda ya fara zuwa dattijo ne, ya durƙusa nesa da ni, ya ce ɗan'uwansa ne ya rasu, yana so ya ce kada a jira shi a yi jana'iza. Sai wata Bafulatana da yaronta ke zazzaɓi, tana so mijinta ya taro ta da amalanke a ɗaya gaɓar. Sai ɗalibi, sai mai tumakin. Kowa da hanzarinsa, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Mun taso Iya tana cewa abu uku ba a hana maƙwabci: ruwa, gishiri da garwashi. Ko da wa take faɗa, idan 'yarsa ta shigo da kasko ɗibar wuta, za ta tona murhu ta ba ta. Ni a idona wannan ɗibar wuta ce. Ban iya buɗe baki in ce wa mai gawa a'a ba, kuma da na ba na farko ban san fuskar da zan hana na biyu da ita ba. Na daina ƙirgawa a ta tara.

Da gari ya waye fitila biyu ce.

Ruwan ya janye da rana. Motarmu, wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja, ta haye da ƙyar, maza na turawa. Babbar motar garin ta gwada ta kafe, aka ja ta baya, aka ce sai gobe. Ku riƙe wannan.

Rabi na hango tun daga nesa, tsaye a ƙofar gida, hannu ɗaya a ƙugu, cikin ya yi gaba. Kusa da ita 'yarta Nana, mai shekara biyar, wadda rabona da ita tun tana goye. Rabi ta rungume ni tana dariya tana kuka.

"Yaya Binta, kin tsufa."

"Ke kuma kin zama randa."

Isuhu ya zo gaishe ni. Kun san yadda mijin ƙanwa yake da yayar matarsa, surukarsa ce. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Ni ma na ja mayafi na kawar da kai. Na tura masa jakar na ce ga saƙon Malam. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya mai tsawo. Kalmar tana bakina: a kai akwatin asibiti, inda suke da wutar hasken rana, a sa masa caji. Amma faɗin haka sai na faɗi dalili, in ce wa surukina na raba amanarsa a hanya. Shi kuma ba zai kwance saƙo a gaban wadda ta kawo ba, kada a ce yana bincike. Ya kai jakar ɗaki ya rataye. Na ce a raina zan gaya wa Rabi, ita ta gaya masa.

Da yamma jirgin ya sauka. Yara suka ruga, Isuhu ya tafi aikinsa. Na ba Rabi dabino da rubutun, na isar da saƙon Baba. Ta ce wayarta kwana shida ke nan a mace, mai cajin garin injinsa ya lalace. Sannan ta ce, "Jiya na yi mafarkinsa, Yaya. Yana ta kirana daga bayan danga."

Ni na shiga ɗakin da ƙafata. Ni na sauko da jakar. Ba wanda ya roƙe ni wannan karon.

Ta zauna a gindin rumbu, inda nan ne kaɗai ake samun sabis, wayar na haɗe da akwatin, suka yi ta hira da Baba. Ina jin ta tana cewa, "Wallahi ba fushi nake ba, Baba." Ta tambaye shi kuka da ke bayan gidanmu, ta tambayi akuyarsa, ya sa ta karanta masa addu'ar da ya koya mata tana ƙarama. Ban iya katse su ba. Da suka gama na bar wayar ta ƙara cika. Fitila ɗaya ta rage. Na mayar da jakar, na ƙulle yadda take, na ce gobe da sassafe ni da kaina zan kai shi asibitin, kunya ko ba kunya. Kafin isha hadari ya haɗo, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Jirgin da zai koma ya kwana. Kori ta sake cika.

Naƙuda ta zo da asuba, kwana goma kafin lokacin da aka ɗiba mata. Muka kai ta asibitin. Da hantsi jini ya ɓalle. Ungozomar, Madam Hadiza, ta fito da ni waje ta ce mabiyiya ce ta tare hanya, sai an yi aiki, sai an ƙara jini, kuma ba su da ko ɗaya a nan. Ta ce Allah ya so mu, jirgi na ƙasa, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce.

Aka ɗauko Rabi a kan katifa zuwa filin. Jirgin fari ne, ƙarami, bai fi motar haya tsawo ba, farfela ɗaya a hanci. Direbansa, Kyaftin Bitrus, mutumin Filato ne, mai furfura a gemu. Da ya ji Hausata ya ce, "A'a, mutuniyar gida. Kada ki damu, yanzu za mu tashi." Aka cire kujeru biyu aka shimfiɗa ta. Ya shiga ya murɗa makulli. Wani abu ya yi ƙas, ƙas. Farfelar ta motsa kamar taki ɗaya ta tsaya.

Isuhu bai ko firgita ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ai Yaya ta zo da maganin wannan." Ya ruga gida.

Ina tsaye na ga ya dawo da jakar. Na ga ya kwance ƙullin da na yi. Ya danna maɓallin. Ya daɗe yana kallon fitilar nan guda ɗaya. Bai ɗago ya dube ni ba, har yau kuma bai taɓa tambayata ba.

Kyaftin ya sauko ya duba, ya ce a gwada. Yana da tasa igiyar mai kai na musamman da ake sokawa a wata 'yar ƙofa a gefen hancin jirgin. Ya tabbatar maɓallin na kan ashirin da huɗu, ya maƙala ja a ja, baƙi a baƙi, ya kashe rediyoyin jirgin, ya sa aka janye kowa baya. Ya leƙo ta taga ya yi kira a kauce wa farfela. Ta juya sau ɗaya, da nishi, ta ƙara rabi. Sai akwatin ya yi wani dogon kuka, ba irin na tsakar gidana ba, fitilar ta mutu.

Isuhu ya ce zai juya farfelar da hannu. Kyaftin ya riƙe masa kafaɗa ya ce wannan injin ba ya tashi haka, hannunsa kawai zai rasa. Batiran babbar mota suna hayin kori. Na wutar asibitin kuwa a cikin akwatin ƙarfe suke a haɗe, ba irin waɗanda ake cirewa ba. Abin da ya rage shi ne a sa wa busta wuta a jira. Soket ɗin asibitin ma mai rami biyu ne. Isuhu ya sa wuƙa ya datse kan cajar, ya fere wayoyin, ya soka su, ya danne da tsinken ashana. Abin da ban yi tunaninsa ba a Damagaram, bai ɗauke shi minti biyu ba.

"Sai ya kai uku," in ji Kyaftin. "Idan muka gwada a biyu ya faɗi, mun koma farko."

Nana ce ta zauna a gaban akwatin. Ba wanda ya sa ta. An ce mata idan fitila ta kai uku Mama za ta tafi a ba ta magani, sai ta tsuguna ta zuba masa ido.

Ni na shiga jirgin na zauna a gefen Rabi. Madam Hadiza ta rataye ledar ƙarin ruwa a jikin ƙofa, tana canja zannuwa, tana ɓoye waɗanda ta cire don kada mu gani. Leɓen Rabi ya yi fari. Na riƙe hannunta, sanyi ƙalau, na gaya mata komai, tun daga iyaka har kori.

Ta ɗan buɗe ido. "Har da tawa?"

"Har da taki."

"To ai na ji muryar Baba." Ta yi ɗan murmushi. "Yaya, ke da ko kazar maƙwabta ba kya iya kora daga kan tsabarki. Wa ya aike su su ba ki ajiyar wuta?"

"Ki yafe mini, Rabi."

"Ki bar wannan. Karanta mini wani abu."

Na yi ta karanta abin da ya zo bakina. Can Nana ta rugo tana haki ta ce, "Biyu, Inna." Ta koma. Rana ta yi sama. Gajimare bai gama washewa ba, wutar asibitin ta rana ce, tana shiga a hankali kamar ɗigon ruwa a tulu. Kyaftin yana zagaya jirgin, ya duba agogo, ya duba sama. Na ga ya tsaya a bayan fiffike ya sunkuyar da kai, bakinsa na motsi. Shi ma nasa roƙon yake yi.

Rabi ta ce, "Idan abin ya zo da wani hali, ki tafi da Nana. Ki sa ta makarantar su Sadiya. Tana da kai, ba irina ba."

"Ke za ki kawo ta da kanki."

"To. Amma kin ji."

An kusa kiran azahar Nana ta taho a guje tana cewa uku, Isuhu na bayanta da akwatin. Awa uku da wani abu ke nan. Na sumbaci goshin Rabi na sauka, don wurin mutum uku ne kawai: ita, Madam da Isuhu. Rabi ta tura mini wayarta ta ce in riƙe, za su kira. Aka sake haɗawa. Kyaftin ya yi kiransa. Farfelar ta juya, ta juya, injin ya yi tari ya kama, iska ta ɗaga mana mayafai. Isuhu ya zare igiyar, ya biyo jikin jirgin ta baya yadda aka koya masa, ya dangwara mini akwatin a hannu, ya haye. Nana tana ɗaga hannu har jirgin ya zama kamar shirwa, har ya ɓace.

Wayar ta yi ƙara bayan la'asar. Isuhu ne. Ya ce an ciro yaro, namiji, yana da rai. Na ce Rabi fa? Ya ce, "Yaya, sai haƙuri." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A can aka yi mata sutura, ban ga fuskarta ba.

Bayan kwana uku jirgin ya dawo da Isuhu da jaririn. Ƙanwar Isuhu mai shayarwa ta karɓi yaron, aka sa masa sunan Baba. Da mutane suka ragu na je filin na sami Kyaftin Bitrus yana goge gilashi. Na ce ina da tambaya, kuma don Allah kada ya lallashe ni. Da an tashi da hantsi, da ta rayu?

Ya ajiye tsumman. "Hajiya, ni direba ne. Amma na yi wa likitan wannan tambayar, don ni ma ta hana ni barci. Ya ce bai sani ba. Ba zan ƙara a kan abin da ya faɗa ba, ba zan rage ba. Abu ɗaya na sani, batirin da ya ƙi tashi nawa ne, ba naki ba."

Isuhu kuwa, ranar da zan taho, ya durƙusa a inda ya durƙusa ranar da na zo, ya ce kwana ne ya ƙare, ko da fitila goma ce. Na san haka ne. Na yi imani ba a ƙara wa rai daƙiƙa, ba a rage masa. Amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi, kuma ni aka ba igiyar. Kullum ina neman gafarar wannan a sujada. Akwatin yana can asibitin, an yi masa mazauni a jikin bango, a haɗe da wuta dare da rana. Madam Hadiza ta liƙe ƙananan ramukan da filasta.

Na yi kwana arba'in na juyo da Nana. Kori ta bushe, muka wuce ta a minti ɗaya. A iyaka na tarar da jami'in nan, ya gane ni, ya ce ina akwatin jirgi, ƙanwa ta sauka lafiya? Na ce ta sauka. Ya dubi Nana, ya miƙo mini katina da hannu biyu.

Na gaya wa Malam komai tun a zaure, kafin in ajiye kaya. Ya ce, "Shekara ashirin ina aikin wuta, ban tuna soket ɗinsu daban ne ba." Baba kuwa, da na je Roni, ya kama hannuna ya ce, "Ta kira ni, Binta. Kin isar da saƙona, Allah ya yi miki albarka. Mun daɗe muna magana." Yana faɗa yana murmushi, hawaye na bin gemunsa. Na ce amin. Shi kaɗai ne ba zan ba wannan littafin a karanta masa ba.

Nana ta shiga makarantar su Sadiya. An gaya mata Mama ta rasu, ta ce to. Ba ta cika kuka ba, sai dai duk jirgin da ya gifta ta sama zuwa Kano sai ta fito ta bi shi da ido. Makon jiya da yamma ina tankaɗe a tsakar gida, tana kusa da ni tana wasa da murfin kwalba. Malam ya bar nasa bustan na wurin aiki a caji a ɗaki. Sai ya yi kukan nan, siriri, sau uku.

Rariyar ta tsaya a hannuna. Nana ta tashi ta leƙa ɗakin, ta daɗe, ina jin ta tana ƙirgawa a hankali. Ta dawo ta dafa gwiwata.

"Inna, huɗu ne. Ya cika duka. Tashi mu kai wa Kyaftin, ya je ya ɗauko Mama."